Baƙin Tef a Kan Jar Fitila

Kun dame ni da tambayar abin da ya sa a situdiyon nan ba a ce wa mai waƙa "an kashe" sai an zare waya an nuna masa kanta a hannu. Wasunku har sun laƙa mini Baba Zare-Waya. Na ji, kunnena bai mutu ba tukuna, da shi nake ci. To ku ja kujeru. Ranar da ta haifi wannan doka, ko na so mantawa da ita ba ta yarda: wata Asabar ce a farkon haƙar citta, wurin sallamar amarya a garin Gidan Waya. Amma in na fara daga can ba za ku gane ba, sai na ɗan koma baya.

Ga waɗanda suka shigo kwanan nan, situdiyon nan na gundumar ikilisiya ne. A sama akwai Rabaran shugaban kwamiti, sai Manaja, a lokacin Oga Habila ne, sannan ni, babban mai ɗaukar sauti. Injiniya Bulus ake ce mini alhali ban taɓa leƙa jami'a ba. A Kafanchan duk wanda ya iya hana lasifika ihu ai injiniya ne. Tun zamanin kaset nake wannan aiki. Mukan ɗauki ƙungiyoyin mawaƙa, taron zumuntar mata, ɗaurin aure, jana'iza, duk inda ikilisiya ta aike mu. In na dawo sai in zuba abin da na ɗauko a babban faifan ajiya, kowace ƙungiya da foldarta a kwamfuta.

Ina da wata dabara da nake taƙama da ita, kuma ita ce ta ci ni. Kun dai san tsofaffin matan zumunta. A gona ko wajen daka, in suka ɗaga murya sai tsigar jikinka ta tashi. Amma ka kafa musu makirufo, su hango 'yar jar fitilar nan mai nuna ana ɗauka ta kama, sai kowacce ta gyara ɗaurin zane, ta shaƙe wuya, ta koma rera waƙa kamar mai amsa tambayar alƙali. Da abin ya ishe ni sai na yanki baƙin tef na naɗe wayar lantarki, na manne a kan fitilar. In sun gama waƙar da aka shirya, sai in tafa hannu in ce, "An kashe, iyayena, ku huta." Nan za su saki jiki, wannan ta jawo tulu, waccan ta ɗauki kacau-kacau, a ɓarke da waƙa ta gaske, na'ura kuwa tana ta aikinta a ɓoye. Duk faifanmu da ya yi suna ta haka na samo shi. Abokan aiki na wasu garuruwa sukan tambaye ni sirrin, sai in yi dariya in ce hannu ne. Ban taɓa ɗaukar abin a ƙarya ba, gwaninta nake kiransa.

A cikin matan akwai Mama Saratu ta ƙauyen Madakiya. Ita ce mai bayarwa, saura su amsa. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, manomiya, ba ta karatu, amma yawancin waƙoƙin da zumuntarsu ke yi daga bakinta suka fito. In ka tambaye ta wa ya yi waƙa kaza, sai ta ce, "Na Allah ne, ni na tsince shi a hanyar rafi." Hausarta irin tamu ce ta nan, ba ruwanta da ko kalma mace ce ko namiji. "Ɗana" take kirana, kuma ba ta taɓa shigowa situdiyo hannu rabbana ba, ko gyaɗa ce ko ɗan acca a leda.

Shekara shida ko bakwai kafin waccan Asabar, ɗanta Ishaya ya rasu. Shi kaɗai ne namiji a ɗakinta. Babur ya faɗi da shi a hanyar kasuwa da buhun citta a baya. Iyalin suka roƙa a ɗauki sujadar jana'iza saboda 'yan'uwa da ke nesa, Oga Habila ya tura ni. Na isa majami'a da safe ina jan wayoyi. An riga an shigo da akwati an ajiye a gaba, jama'a suna waje suna jiran Fasto. Sai ga Mama ta shigo ita kaɗai, ta tsaya dab da makirufon da na kafa wa mai wa'azi. Ta dube ni ta ce, "Ɗana, abu ɗin ka a kunne yake?"

Gwaji nake yi, na'ura tana ɗauka, tef ɗina yana kan fitila. Ban tsaya tunani ba ko na daƙiƙa ɗaya, bakina ya riga ya saba. Na ce, "A kashe yake, Mama."

Ta dafa akwatin ta fara waƙa ƙasa-ƙasa da yarensu. Ni ɗan Fadan Kagoma ne, yarensu tsinta-tsinta nake ji, amma na gane irin waƙar goyo ce, wadda uwa ke yi tana jijjiga yaro a baya. Akwai wani wuri a tsakiyarta: murya ta hau, ta sauko taki uku, ta tsaya kamar an riƙe mata numfashi, sannan ta kira sunansa. Duka waƙar ba ta kai minti uku ba. Ta share fuska da bakin zane ta fita. Yatsana yana kan maɓalli tun daga farko har ƙarshe, ban danna ba. Ba zan ɓoye muku ba, daɗin muryar ne ya hana ni. Na ce a raina in na koma zan goge. Da na koma aiki ya taso, na jefa fayil ɗin cikin foldar zumuntar Madakiya da sunan "gwajin makirufo", shi ke nan na manta da shi.

Shekaru suka wuce. Wata damina sai ga wani kamfani da ke haɗa waƙa da ƙirƙirarriyar basira ya turo mana wakiliya daga Abuja, wata matashiya mai ladabi, har durƙusawa ta yi ta gaida Rabaran. Ga wanda bai san abin ba, manhaja ce da za ka rubuta mata irin waƙar da kake so, kafin ka sha ruwa ta fito maka da kiɗa da murya. Amma ba ta iya haka sai an fara ɗura mata waƙoƙin mutane masu ɗimbin yawa ta saurara, wannan suke kira horarwa. Wakiliyar ta ce tasu ta iya kiɗan Turawa da na Legas, amma in ka ce mata kiɗan tulu na matan Kudancin Kaduna sai ta yi ta kame-kame. Suna so su horar da ita da namu. Ta ce su ba kamar wasu ba ne da ke kwashe na mutane a intanet ba sallama, da izini za su karɓa, kuma a rubuce.

Maganar ta yi wa kwamiti daɗi. Rabaran ya ce yarukanmu suna mutuwa a bakin 'ya'yanmu, in na'ura za ta riƙe su ai alheri ne. Aka kira shugabar zumunta ta gunduma, ta ce, "Waƙar Allah tana da mai ita ne? Ku ba su, bishara ce." Ta sa hannu a madadin mata duka, kamar yadda muka saba a komai namu, in shugaba ta amsa, kowa ta amsa. Kamfanin ya yi mana alkawarin sabuwar na'urar haɗa sauti da batirin sola, kuma sun cika, ga su nan kuna aiki da su.

Takarda ta ƙarshe tawa ce. Abin da ke ciki shi ne ni mai ɗaukar sauti na tabbatar duk muryar da ke faifan, mai ita ta san ana ɗaukarta kuma ta yarda. Na karanta sau biyu, na ajiye biro, ba don na tuna da Mama ba, don dai na san halina. Na ce, "Oga, a ba ni mako biyu in saurare su ɗaya-ɗaya." Oga Habila ya ce, "Injiniya, aikin shekara ashirin za ka saurara a mako biyu? Baƙuwar nan mota na jiranta. Zuba musu duka." Ban ja ba. Na sa hannu, na zuba musu duka. Ba zan ɗora masa laifin ba, domin shi bai san da tef ba, ni na sani.

Bayan kamar shekara guda manhajar ta fito, suka ba mu damar amfani da ita kyauta. Sai ga wani malamin makaranta a Gidan Waya zai sallami 'yarsa, wato abin da muke kira senfot, bikin da iyaye ke yi kafin ranar ɗaurin aure. Yana son kiɗan da amarya za ta shigo da shi, irin na gida amma mai motsi, ga rana ta matso, ba lokacin tara mawaƙa. Oga ya ce a gwada manhajar mana. Na rubuta mata: kiɗan tulu, muryar tsohuwa tana bayarwa, na murna, na rawa. Ta ba ni guda huɗu. Uku shirme ne. Ta huɗun kuwa sai da na saurara sau biyar a jere. Kalmomin ba yare ba ne, ba Hausa ba, surutu ne kawai mai kama da magana, amma ga tulu, ga ganga, ga jita, ga wata murya da ke hawa ta sauko taki uku ta tsaya. Na ji kamar na san ta, sai na ce ai alamar waƙa mai kyau ke nan. Har na leƙa ofis na ce, "Oga, zo ka ji abin da zai kore mu daga aiki." Muka yi dariya.

Ranar Asabar ni ne a kan lasifika. An kafa rumfuna a fili, da la'asar, matan zumunta sun yi layi biyu da ankonsu za su rako amarya. Mama Saratu ce a gaba, domin uwar amaryar 'yar Madakiya ce, a hannun Mama ta koyi waƙa. Mai gabatarwa ya ɗaga mini hannu, na saki kiɗa. Fili ya ɗauka. Amarya ta fito tana taku, ana liƙi, ana guɗa. Da aka zo wurin saukowar nan sai na ga Mama ta tsaya cak, har wadda ke bayanta ta yi karo da ita. Ta juya tana neman inda muryar ke fitowa, kamar wadda aka kira daga nesa. Kiɗan ya zagayo, wurin ya sake zuwa, kuma daidai inda sunan Ishaya yake sai na'urar ta sa wata sowa ta murna, 'yan mata suka amsa suna juyi. A nan na gane. Waƙar gaban akwati ce, wadda na ce zan goge.

Ba ta yi kuka ba, ba ta faɗi ba. Ta fita daga layi, ta ratsa masu rawa a hankali har teburina. Ta ce, "Ɗana, wa ya ba su?" Na rage sauti, mai gabatarwa yana ta hararata daga can. Ta ce, "Waƙa ɗin nan mutum biyu ne ya san shi. Ɗaya yana ƙasa." Ta dube ni, ta dubi na'urar da ke gabana, ga baƙin tef nan a manne. Ba ta san aikinsa ba, amma ni gani nake ta sani. Ta ce, "Kai ka ce a kashe yake." 'Yarta, Malama Rahila, wadda ke koyarwa a firamare, ta zo ta kama hannunta suka tafi. Ni kuwa na sa wata waƙa, biki ya ci gaba, domin amarya ba ruwanta. Har yau ban san yadda na naɗe wayoyina ranar ba.

Ran Litinin Malama Rahila ta zo ofis, ta ƙi zama. A bakinta na ji asalin waƙar. Mama ta binne jarirai biyu kafin Ishaya, shi ma ya zo da laulayi, kullum a baya yake. A lokacin ta yi masa waƙar, kuma shi kaɗai take yi wa. Ko su 'ya'yanta mata ba su taɓa jin ta ba, sai dai su ji tana gunguni in ta shiga ɗaki da shi. Ranar jana'iza ta mayar masa da abinsa ne ya tafi da shi. Malama Rahila ta ce, "Tun Asabar abinci ba ya wuce mata. Ba ta son kuɗi, ba ta son a tara mata mutane a ba ta haƙuri. Ta ce a dawo mata da waƙar, kada kowa ya sake ji." Na buɗe folda a gabanta na nemo "gwajin makirufo", na gaya mata komai, har da tef. Ta ce, "Baba Bulus, da wani ne ya gaya mini, da na ce ƙazafi yake maka." Na gwammace ta zage ni.

Kwamiti ya haɗa mu da wata lauya 'yar ikilisiya. Ita ta fayyace mana haƙƙin mallaka, abin da na shekara da shekaru ina taka shi ban sani ba. Ta ce abu biyu ne a kowane faifai. Akwai ɗaukar, wannan ta situdiyo ce. Akwai kuma waƙar kanta, wannan ta wanda ya ƙirƙira ce. Mu muna iya bayar da tamu, amma ta Mama ba mai bayarwa sai Mama. Shugabar zumunta ba ta isa ba, Rabaran ma bai isa ba. Na ce to ai an samu hanya, a kai su ƙara. Ta ce in bari ta gama. Waƙar da ke baki kawai, doka ba ta da inda za ta kama ta sai an ɗauke ta ko an rubuta. Wato satar da na yi ita ce kaɗai shaidar Mama. In za a je kotu, sai an kunna ainihin waƙar a gaban alƙali da lauyoyin kamfani da duk wanda ya shigo kallo, a jera ta da ta na'ura, a yi ta maimaitawa ana nuna inda suka yi kama. Kamfani kuma zai ɗaga takardar da na sa wa hannu, ya ce ga wanda ya ba mu. Ni wannan bai dame ni ba, na ce in kora ce a kore ni. Amma da Malama Rahila ta kai wa Mama bayanin, amsa ɗaya ta aiko: "In sake buɗe akwati ke nan. A'a."

Saura roƙo. Na rubuta wasiƙa, lauya ta gyara, Rabaran ya sa hannu. Ba zan zalunce su ba, sun amsa da wuri. Wakiliyar nan ta kira ni da kanta. Ta ce sun goge fayil ɗin daga ajiyarsu, sun kuma sauke waƙar bikin daga shafinsu. Na ce, "To manhajar fa, ta manta?" Ta ce manhaja ba ta ajiye waƙa kamar faifai, koyo take yi, kuma abin da ta koya ya riga ya bazu a cikinta. Da yake irin kiɗanmu kaɗan ne a wurinsu, in aka nemi muryar tsohuwa da tulu, kan ɗan abin da muka ba su take jingina, shi ya sa ta fito da shi kusan yadda yake. Za su sa wani abu kamar rariya ya riƙa tarewa, amma ba za ta rantse mini cewa ba zai sake fitowa ba. Cirewa gaba ɗaya sai an rushe an sake horarwa daga tushe, wannan kuwa ya fi ƙarfinta, wataƙila dai nan gaba. Na ce, "Wato yau wani a wata ƙasa zai iya samun ta?" Ta ce, "Zai iya, Baba." Waƙar bikin ma da suka sauke, ai ta riga ta shiga wayoyin waɗanda suka ɗauki bidiyo. A makon na ji ta da kunnena a shagon wani mai cajin waya a bakin kasuwa, na tsallaka titi.

Takardarsu ta iso da hatimi, an rubuta cewa an goge fayil. Oga Habila ya miƙa mini ya ce, "Kai mata wannan. Ka ce an goge, magana ta ƙare. Ba ƙarya ka yi ba, ga shi a rubuce. Tsohuwa ce, ina ta san wata manhaja? Ka bar ta ta samu kwanciyar rai." Ba mugunta ce ta sa shi faɗin haka ba, tausayi ne. Ni ma a kan babur tun daga Kafanchan har Madakiya abin da nake ta maimaitawa ke nan, an goge Mama, an goge Mama. Na haddace shi sarai.

Da hantsi na same ta a tsakar gida tana shanya yankakkiyar citta a kan buhu. Ta rame. Ta sa aka kawo mini kujera da ruwa, ta tambayi iyalina ɗaya-ɗaya da sunansu, wannan kuwa ya fi mari zafi. Na sauka daga kujerar na durƙusa na ba ta haƙuri. Na ciro ɗan filashin kwamfuta mai ɗauke da ainihin waƙar, na ce wannan kaɗai ya rage a wurinmu, na kwamfuta na goge a gaban Malama Rahila. Ta karɓa ta jujjuya, ta ce, "Ishaya yana cikin ƙaramin abu haka?" Ta ƙulle shi a bakin zane. Malama Rahila ta fassara mata takardar kamfani da yare. Mama ta saurara har ƙarshe, sannan ta juyo ta kafe ni da ido, ta yi mini tambayar da ta yi mini a majami'a, da irin muryar nan.

"Ɗana, yanzu a kashe yake?"

Amsa tana bakina. Na dubi Malama Rahila, ta ɗan gyaɗa mini kai. Ita ma so take in ce i. Na kasa. Na ce, "Mama, a kunne yake." Na ce sun goge wanda na ba su, amma na'urar ta riga ta sha, kamar gishirin da ya narke a miya ne, ba a tsamo shi.

Ta ce, "To su zubar da miya ɗin."

Na ce, "Ba za su zubar ba, Mama. Mutane da yawa suna ci."

Ta daɗe tana juya citta da tafin hannu. Sannan ta ce, ba da faɗa ba, "Bulus, ran da ya kamata ka gaya mini gaskiya, ka yi ƙarya. Yau da ƙarya zai bar ni in yi barci, ka kawo gaskiya." Tun da na san ta, ranar ce ta fara kirana da sunana. Ta ce ta yafe, domin an umarce mu mu yafe. Da zan tafi har ta sa aka ƙulla mini gyaɗa. Na karɓa don ba yadda zan yi, amma ban iya ci ba, a aljihun babur ta kwana uku.

Har yau ina tambayar kaina ko daidai na yi. Rabaran ya ce daidai ne, gaskiya ba ta da madadi. Matata ta ce son kai ne, na sauke kayana na ɗora wa tsohuwa. Oga Habila kuwa sai da ya yi mako ba ya haɗa ido da ni. Ni dai na san ba jaruntaka ba ce, bakina ne kawai ya ƙi faɗin kalmar a karo na biyu.

Da Kirsimeti ya matso, zumuntar Madakiya suka zo ɗaukar faifan shekara kamar yadda suka saba. Ban zaci za ta zo ba, sai ga ta da ankonta, ta tsaya a wurinta na gaba. Kafin a fara na ɓare tef ɗin a gabansu duka, na gaya musu aikin da ya yi shekara da shekaru. Na kafa wa Mama makirufonta ita kaɗai, kamar yadda ake yi wa mai bayarwa, na koma bayan gilashi, na ɗora abin saurare a kunne, na ɗaga hannu. Tulu ya fara. Aka jira mai bayarwa, aka jira, sai wata daga layi na biyu ta ɗauka, muryarta ba laifi, saura suka amsa. Na dubi Mama. Tana taku, tana tafi, bakinta yana motsi daidai da kowace kalma. Na ce ko waya ce ta kwance, na duba, lafiya lau. Na ƙara wa layin makirufonta ƙarfi, na ƙara har ƙarshe. Ba komai sai numfashi. Waƙa takwas aka yi ranar, layin Mama Saratu a kwamfuta a miƙe yake sambal daga farko har ƙarshe. Daga baya Malama Rahila ta gaya mini ko a majami'a haka take yi yanzu, ko a gona. Wai ta ce kowa yana da abin ɗauka a aljihu, kuma ba wanda za ta tambaya.

Mun ɗauka wannan aiki namu na wayoyi ne da maɓallai, ashe rabinsa amana ce. Mutanenmu suna da kyauta, sai su ba ka waƙa ɗari su ce ta Allah ce, ko sunansu ba su nemi a rubuta ba. Wannan ya sa muka zaci ba abin da suka keɓe wa kansu. Akwai shi. Kowa yana da guda ɗaya wadda ba ta bayarwa ba ce, kuma ba zai gaya maka wacce ba ce, iyakarsa ya tambaye ka ko a kunne yake. Doka za ta gaya maka na wa ne, amma ba ta iya dawo da shi. Shi ya sa yanzu a nan ba mai sa hannu a madadin wani, ko shugaba ce, kuma ba fayil da ke fita ƙofar nan sai mai muryar ya saurara har ƙarshe ya ce to. Kamfanoni za su ci gaba da zuwa, masu ladabi da marasa ladabi. Wasu cikinku ma kuna amfani da manhajar nan a ɓoye, na sani, ba na hana ku. Ni dai ba na rubuta mata "muryar tsohuwa".

Bana ma sun zo faifan Kirsimeti. Na kafa mata makirufonta a gaba, na nuna mata fitila tana ci ja, na ce, "Mama, a kunne yake." Ta duba ta gyaɗa kai, ta ce, "Sannu da aiki, Bulus." Abin da ke kan layinta ke nan.